Farin Zare a Wuyan Rigar Alhaji

Har gobe ranar Talatar nan ba ta fita daga raina ba, kuma ina iya lissafa muku duk wanda ya zauna a ofishin yaɗa labarai na ƙaramar hukuma a Gumel. Mu shida ne. Akwai Mista Bitrus, mutumin Filato, shugaban ofishin, wanda kyamarar da muke aiki da ita take hannunsa. Akwai Malam Sabo, malamin firamare, shi ne daraktan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Akwai Audu Mai Faci, babban ɗan wasanmu na barkwanci. Akwai Malam Tijjani, malamin Hausa, wanda ke sharhin wasanni a rediyo. Akwai Alhaji Lawandi, mazaunin nan Gumel mai shagon kaset a Maigatari, wanda ya kawo ƙara. Sai ni, Marka, da kuke kira Iya, mai kula da suturar 'yan wasa. Kujera biyar ce a ɗakin. Ni da tabarmata na shiga.

Shekara huɗu ke nan da aka ba mu jiha, an gama girbi. Bari in fara gaya muku yadda aikin yake, don ku da kuka shigo yanzu kun tarar da akwatuna cike da kaya, sai dai ku zaɓa. A lokacinmu ƙungiyar ba ta da ko hula goma. Muna yin wasan barkwanci na mako-mako, a ɗauka da kyamarar ofis, a kai kaset gidan talabijin, su sa ranar Lahadi da yamma. Duk abin da ɗan wasa zai sa a jikinsa kuwa aro ne. Ni ke bin gidaje ina arowa. Matan garin nan sun san ni tun ina dillancin zannuwa, shi ya sa ma aka ɗauke ni. Ba don na iya wasa ba, don ana buɗe mini ƙofa ne.

Ina da ƙa'ida ɗaya. Ba na karɓar rigar mutum sai na gaya wa mai ita wanda zai sa ta da abin da zai yi a cikinta. Gari ne ƙarami. Riga tana fitowa a talabijin za a ce ta wane ce. To, ba za a sa wa ɓarawo rigar liman ba, ba za a sa wa wawa rigar mai mutunci ba. Ban yi boko ba, ban iya rubuta sunan kowa a takarda ba, saboda haka sai na yi wa kaina dabara. Duk kayan aro ina ɗinka masa ɗan farin zare a cikin wuya. Farin zare, sai mutumin kirki. Kayan da suke namu kuwa baƙin zare nake sa musu, kowa ya sa, ya yi birgima a ƙasa in ya ga dama. Namun nan ba wasu ba ne, riguna uku ne da maigidana ya bari, Allah ya jiƙansa. Su nake ba ɓarayi da mashaya da wawaye. Shi dai ba zai kawo ƙara ba, kuma da yana raye shi zai fi kowa dariya. Babu wanda bai san wannan ƙa'ida ba a ƙungiyar. Sabon ɗan wasa in ya zo, kafin a ba shi magana ni nake fara juya masa wuyan riga.

A shekarun nan ne fim ɗin bidiyo ya fara yawa. Duk wanda ya sami kyamarar biki sai ya tara samari ya ce shi furodusa ne. Kaset-kaset ɗin suna zuwa mana, ana sawa a gidajen kallo. Ni ba labarin nake bi ba, kaya nake kallo, don shi ne aikina. Wata rana muna cin abinci bayan gwaji na ce musu, ku kun lura kuwa? Mutum ya shiga ɗaki da jar hula, ya fito da fara. Matar da aka ce kwana uku ba ta ɗora tukunya ba, ga ɗan kunnen zinariya yana lilo. Gawa tana kwance ana kuka a kanta, ciki yana hawa yana sauka. Audu ya yi dariya har tuwo ya sarƙe shi. Malam Sabo ya ce, "Iya, kin ba mu wasan mako mai zuwa."

Haka aka tsara shi. Wani attajiri ne, Audu ke fitowa a matsayinsa, ya ga ana samun suna da fim, shi ma ya ce sai ya yi. Ya ce lalle fuskarsa ta fito a kowane wuri, har a wurin makoki. Labarin zamanin dawaki da kibau ne, amma ya ce sai an nuna sabon babur ɗinsa. Gawa ta yi atishawa, ya ce a bar shi haka, kaset yana da tsada. Na fitar wa Audu rigar maigidana mai ruwan ƙasa, na rataye a ƙusa.

A ɗakin kayan akwai wata riga a ƙunshe. Shadda ce tsanwa, da aikin zare mai ruwan gwal tun daga wuya har aljihu. Ta Alhaji Lawandi ce. Ba wanda bai san ta ba, domin shi ma ya yi fim a shekarar, kuma da ita aka ɗauke shi hoton da ke bayan kaset ɗin. Wurin maiɗakinsa, Hajiya Ladidi, na aro ta, da izininsa, don wani wasan daban da za mu yi gaba, inda wani dattijo ke sulhunta manoma da makiyaya. Haka na gaya mata, haka ta gaya masa. Na sa mata farin zare da hannuna.

Ranar da za a ɗauki wasan aka aiko mini ƙanwata ta rasu a Gagarawa. Na ba Malam Sabo mabuɗi, na nuna masa rigar da ke ƙusa, na tafi. Kwana uku na yi. Da na dawo na ga ƙunshin shaddar ba ɗaurina ba ne. Na kwance, na ga an naɗe hannun ta waje, ni kuwa ta ciki nake naɗewa. Na sansana, na ji gumi. Na tambayi Malam Sabo. Ya ce, "Iya, kin cika zargi. Ɓera ake nema, aka ɗaga kayan." Na riƙe abin a raina.

Ranar Lahadi na je gidan maƙwabta kallo. Ana buɗe wasan sai ga Audu ya fito yana taƙama cikin tsanwar shadda. Wata yarinya a gabana ta ce, "Lah, Alhaji Lawandi." Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni ban ga sauran wasan da kyau ba.

To, wasan ya karɓu, wannan ba ƙarya. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba a da wata hira sai ita. Mutanen Damagaram da suka gani a talabijin ɗinsu suna tsayawa ƙofar shagon Alhaji suna yin atishawa. Masu babur daga Sule Tankarkar da Ɗanzomo suna tambayarsa yaushe za a nuna nasu babur ɗin. Sai kuma Malam Tijjani ya hau rediyo. Ya ce bai taɓa ganin wasan da ya gaya wa masu fim gaskiya irin wannan ba. Ya ce abin da ya fi burge shi ma rigar ce, wai zaɓen ta ya nuna darakta yana da zurfin tunani da ƙarfin hali, ya nuna mutum ba tare da ya kama suna ba. Mako guda Malam Sabo yana yawo ana gaishe shi da zurfin tunani. Da kunnena na ji shi a bakin teburin mai shayi yana cewa, "Ai komai da ka gani a wasan nan da gangan muka yi."

Ni kuma abin da ya same ni daban ne. Na je gidan wani alƙali mai ritaya aron rawani, aka ce mini an kai wanki. Na je wani gida aron alkyabba, matar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Iya Marka, ki bari sai maigidan ya dawo." Shekara ashirin ina shiga gidan nan ba a taɓa tsayar da ni a ƙofa ba. Hajiya Ladidi kuwa ba ta aiko da zagi ba. Aikowa ta yi a tambaye ni ko ta taɓa yi mini wani laifi. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Alhaji ya kai ƙara ofis, aka kira mu ranar Talata da hantsi. Tsarin irin wannan zama shi ne mai ƙara ya fara, darakta ya amsa, shugaba ya yanke. Alhaji ya yi magana a tsaye. Ya ce shi ba wasan ne ya dame shi ba, a yi ta ba'a da masu fim. Amma a shiga gidansa a ari rigarsa da sunan mutunci, sannan a sa wa wawa, ga shi yanzu ko kasuwa ba ya iya zama.

Malam Sabo ya gyara murya. Ya ce abin ya faru ne bisa kuskure. Ya ce sashen sutura ne ya haɗa kaya, kuma a yi haƙuri, mai kula da sashen ta manyanta, ga rasuwa da aka yi mata, ga kuma ba ta karatu. Sashen sutura. Ni kaɗai ce, da ƙusa biyu da akwati ɗaya, ranar na zama sashe. Sai ya fito da takarda da ya riga ya buga, da ɗan akwatin tawada. Ya ce, "Iya, dangwala kawai za ki yi a nan, magana ta wuce. Ba abin da zai same ki."

Na ce, "Mista Bitrus, ranka ya daɗe, karanta mini."

Malam Sabo ya ce, "Ai na gaya miki abin da ke ciki."

Na ce, "Ɓera ma ka gaya mini. A karanta."

Mista Bitrus mutum ne mai sanyi. Ya sa tabarau ya karanta da Turanci, ya mayar da Hausa. Takardar ta ce ni Marka na amsa cewa ni na ba ɗan wasa rigar bisa mantuwa, ina neman gafara, kuma ƙungiya ta yarda wasan bai dace ba, ba za a sake nuna shi ba. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na naɗe hannuwana cikin mayafi.

Na ce, "Sabo, ranar da rediyo ta ce rigar nan zurfin tunani ce, tunanin wa aka ce?"

Na ci gaba.

"Da ana yabo taka ce, da gangan ka yi. Yau da aka zo ƙara ta zama tawa, tsufa ne. Ban yi makaranta ba, amma riga ɗaya ba ta zama hikima ranar Lahadi ta zama mantuwa ranar Talata."

Na kwance ƙunshin da na zo da shi. Na fito da shaddar, na juya wuyanta, na miƙa wa Alhaji. Na ce ya duba. Ya ce ya ga farin zare. Na fito da rigar maigidana, na juya, na ce ya duba. Ya ce baƙi ne. Na ce, "Audu, gaya wa Alhaji abin da farin zare yake nufi."

Audu yana ta kallon silin tun da aka zauna. Shi a hannun Malam Sabo yake samun fitowa, na san abin da yake tsoro. Na zuba masa ido. Yaron nan na san shi tun yana tallan rake, bai taɓa iya jure kallona ba.

Ya ce, "Farin zare sai mutumin kirki."

"Wacce na rataye maka a ƙusa?"

"Mai ruwan ƙasa, Iya."

"To, wa ya kwance mini ƙunshi?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Gaskiya ni da na ga farin zaren sai da na ce Iya za ta kashe mu. Malam Sabo ya ce mai ruwan ƙasar ba ta haske a kyamara, kuma in aka ga tsanwar za a fi dariya." Ya juya ya kalli Alhaji. "Kuma Alhaji, ka yafe ni, amma wallahi rigar tana da daɗin sawa."

Mista Bitrus ya rufe bakinsa da hannu. Alhaji bai yi dariya ba, amma ya zauna.

Malam Sabo ya ce to shi ke nan, an ji, a cire maganar mantuwa, amma dai in dangwala a kan sauran, cewa wasan bai dace ba, a rufe maganar. Alhaji ya ce shi ma hakan ya yi masa.

Na ce, "Wannan ma ba zan dangwala ba."

Alhaji ya ce, "Haba Iya, ke da aka wanke?"

Na ce, "Alhaji, an zalunce ka a kan riga, an zalunci iyalinka, an kuma yi da sunana. Wannan ko a gaban wa zan faɗa. Amma wasan ba ƙarya ya yi ba. Jar hular da ta koma fara, a fim ɗinka na gan ta. Gawar da ke numfashi, ɗan ƙanenka ne, na san shi, har ƙafa ya sosa. Ni na gaya musu. In kana son ka ji haushin wanda ya ga wannan, ga ni. Amma ba zan sa yatsa a ce abin da idona ya gani bai dace a faɗa ba."

Malam Tijjani ya ga wuri ya samu, ya ce ai abin da ya faɗa ke nan a rediyo, wasan yana da ƙima.

Na ce, "Malam, kai ma ban gama da kai ba. Ka hau rediyo ka yabi riga, ba ka tambayi daga gidan wa ta fito ba, ba ka tambayi da wane alkawari aka karɓo ta ba. Kai kana ganin ƙarfin hali, ni ina ganin ƙofofin da aka rufe mini. Da ka tako ɗakin kaya ka tambaye ni, da na nuna maka zare."

Ya ce shi aikinsa abin da ya fito a allo ne.

Na ce, "To, ni nawa abin da ke cikin wuyan rigar ne."

Mista Bitrus ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce a ofishinsa ba a tilasta wa kowa dangwale. Ya ce Malam Sabo zai rubuta wa Alhaji takardar ban haƙuri da sunansa shi kaɗai, a kan riga kaɗai. Maganar sake nuna wasa kuwa ta gidan talabijin ce, ba tamu ba. Malam Sabo ya miƙe ya ce shi ba zai iya aiki da wadda ke tozarta shi gaban mutane ba, ko ni ko shi. Mista Bitrus ya ce, "Iya, ki je gida ki huta tukuna, za mu neme ki." Na ce mabuɗin ɗakin kaya zai kwana a hannuna, gobe da azahar a aiko a karɓa. Na mayar da shaddar da rigar maigidana cikin ƙunshina, na naɗe tabarmata.

Sun neme ni ɗin. Bayan mako uku Malam Sabo ya zo da kansa, don an rasa mai ba su ko ɗankwali, na koma na ƙara shekara goma sha ɗaya a aikin. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Aikin nan namu na ba'a ne, kuma ba'a tana da amfani, don bayan wasan nan na ga masu fim sun fara duba hula kafin su kunna kyamara. Amma mutanen cikinsa suna son tafi fiye da yadda suke son gaskiya, kuma in abu ya ɓaci, wanda ba ya karatu suke fara nema da tawada. Kada ku sa hannu a abin da ba a karanta muku ba. Kada kuma don an zalunce ku a abu ɗaya ku yarda a ƙaryata abin da yake daidai.

Amma a ranar ba komawa aiki ce ta dame ni ba. Ƙofofin nan ne.

Washegari da na idar da sallar asuba na buɗe ɗakin kaya. Duk abin da ke da farin zare na fitar, na ɗaure gida-gida, na ɗauko mai kura ya loda. Rigunan maigidana uku na bar musu a ƙusa. Shaddar kuwa tun jiya da la'asar na wanke ta na kai wa mabugi, na biya na karɓo tana ƙyalli. Gidan Alhaji Lawandi na fara zuwa. Na yi sallama na tsaya a soro, ban shiga ba, sai da aka ce in shigo.

Hajiya Ladidi tana tankaɗe. Ta amsa gaisuwata a taƙaice. Na ajiye rigar a gabanta, na ce, "Hajiya, ga amanarki. Ba ki yi mini laifin komai ba. Na bar mabuɗi a hannun da bai kamata ba, wannan nawa ne." Na ciro reza daga bakin zanena zan yanke zaren, don haka nake yi in na mayar da kaya.

Ta karkaɗe hannunta ta karɓi rigar. Ta juya wuyan, ta daɗe tana kallon zaren. Ta ce Alhaji ya gaya mata yadda aka yi jiya, har da maganar gawa. Sai ta rage murya ta ce, "Ni ma tun ranar da ya kawo kaset ɗin na ga yaron yana sosa ƙafa. Na rasa yadda zan gaya masa ne."

Na miƙa hannu da rezar. Ta janye rigar.

Ta ce, "Bar shi a jiki, Iya. Wasan sulhun ai ba ku yi ba tukuna."

Na mayar da rezar bakin zane, na yi mata sallama. Mai kura yana jirana a waje, da sauran gida goma sha ɗaya.